Kafin Motar Albasa Ta Wuce Yamai

Bazaga, ranar Lahadi

Zuwa ga Ɗan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da babanka da ƙannenka duka. Allah ya tsare ka a gida, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya kuma tsare ka daga taurin kanka, don yau shi na fi tsoro.

Ba zan ba ka labarin nan ba. Ƙanwarka Zali ta kawo mini gero, muna cikin hira ta ce ai ka gama shiri, za ka bi motar albasar Baffa Ada zuwa Kumasi, ka zauna can kana karɓar masa kaya har kakar albasa ta wuce. Na ce, "To, duban hanjinsa na Yamai fa, da ya rage ƴan kwanaki?" Ta ce, "Ya ce sai ya dawo." Sai ka dawo! Yaushe? Bayan damina? Na kira ka a salula, ka ce, "To, Yaya." Na sake kira, ka ce, "To, Yaya, na ji." Na san wannan "to" ɗin. Irinta babanka ke yi wa mai karɓar lanho, wato haraji.

Shi ya sa na zauna rubutu. A salula kana iya cewa rezo ya ɗauke, layi ya yanke. A gabanka kuma bakina ba ya buɗuwa. Ka karanta har ƙarshe, kada ka naɗe ta ka sa aljihu. Ba faɗa kaɗai ke ciki ba, ko da yake akwai faɗan. Kurakuraina zan jera maka, don na lura kana shirin ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya kamar gado.

Kai ne ɗana na fari. Ranar da aka yaye ka aka kai ka ɗakin Inna, uwar babanka, kamar yadda ake yi a gidanmu na Tsarnawa tun kafin a haife ni. Ka tashi kana ce mata Inna, kana ce mini Yaya. Ni kuma ban kiran sunanka, ban tambayarka ko ka ci, in ka faɗi a gabana sai in kau da kai wata ta ɗaga ka. Mata suna yabona, suna cewa Rabi akwai kunya. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Kana da shekara goma sha uku na shiga masai bayan ka fito, na ga jini da majina a bakin ramin. Na san kai ne. Washegari na sake gani. Na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na sami Inna tana kaɗi a inuwa, na ce, "Inna, yaron nan naku kamar yana ramewa."

Ta ce, "Girma shikai. Ke mi ya kai idonki gare shi? Yau kuma haƙarƙarin ɗan hwari kika koma ƙirga?"

Matan gida suka fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na rufe fuska da gyale, na koma bakin turmi. Ban ce jini ba. Kalma ɗaya ce, ban faɗe ta ba. Damina biyu suka wuce kana zarya masai, kowa na cewa tsutsar ciki ce.

Inna ba ta da laifi, abin da na gaya mata ta amsa. To kai ma haka likita take. In ta ce, "Yaya cikin?" ka ce, "Da sauƙi," da sauƙi za ta rubuta. Na gan ka kana yin haka a Yamai, kanka a sunkuye kamar ka je gaida surukai. Haba! Ka gaya mata sau nawa kake fita a yini, da jini ko babu, yana tashinka daga barci ko a'a, jikinka na ƙaiƙayi ko ya daina. Kafin ka bar masai ka juya ka duba abin da ka yi. Ba ƙazanta ba ce, ciwonka ne ke ba ka labari. Kunya tana da wurarenta, ɗakin likita ba ya cikinsu.

Da abin ya fito fili, sai kowa ya ce basir ne. Ni ma na ce basir ne, don sunan ya yi mini daɗi: wa ya taɓa mutuwa da basir? Na je kasuwar Konni na tsaya gaban mai magani, wanda ke ɗaure lasifika a kan tsohuwar mota yana lissafa basir mai jini, basir mai tsiro, basir mai sa kasala, shawara, sanyi, duk a jarka ɗaya. Na sayi jarkar. Ka sha, cikinka ya ɓarke, Inna na cewa, "Madalla, dauɗar ce ke hita." Ranar da ka yanke jiki ka faɗi a garka kana ban ruwan albasa, aka kai ka asibiti, suka ce jininka ya yi ƙasa ƙwarai, sai da aka ɗebi na babanka aka ƙara maka. Ka ce wannan ya ishe ni darasi? Ina! Bayan shekaru, da idonka ya yi rawaya kana susa har kana fidda jini a ƙwauri, aka ce shawara ce, aka kawo saiwoyi, ni na jiƙa su da hannuna. Alhali hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi cikin hantarka ne suka ƙuntata, ni kuma ina ƙara wa hantar kaya.

A Kumasi ma za ka tarar da mai lasifika, harshensa kawai zai bambanta. A hanya kuma direbobi za su miƙo maka ƙwaya in ka ce bayanka na ciwo, da kyakkyawar niyya, kamar yadda ake miƙa goro. Kada ka karɓa. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen suna iya tayar da hanji irin naka. Jiƙe-jiƙe kuwa babu wanda ya san abin da ke ciki da yawansa, kuma duk hanta suke bi. Ko parasetamol, ka tsaya kan adadin da likitarka ta yarda maka. Giya ban zarge ka da ita ba, amma na faɗa don kada a ce ban faɗa ba. Duk abin da zai shiga bakinka da sunan magani, ita ta fara sani.

Sai maganar ƙwayoyinka na kullum. Da aka fara kai ka Yamai aka gano kumburin babban hanji, aka ɗora ka a kansu, jinin ya tsaya, ka yi kumatu. Babanka ya ce, "Yaro ya warke, mi za mu yi ta wahal da direbobi suna ɗauko magani?" Na ce haka ne. Na gaji ni ma, gaskiya ke nan. Muka bari. Ba a rufa wata huɗu ba ka koma gidan jiya, har ya fi na da. Likitar ta dube ni ta ce, "Madam, wutar ƙaiƙayi ce. Don ba ki ga harshenta ba, ba mutuwa ta yi ba." Ta faɗi wasu abubuwa da yawa ranar da ban gane ba, na dawo a mota ina jin haushin kaina. Wannan haushin ne ya mai da ni lakwal, makarantar boko, bayan autarmu ta shiga aji ɗaya, na zauna benci da ƴan mata sa'o'in Zali suna ce mini Maman, har na karɓi takardar aikin jinya bara. Ban zama likita ba. Abin da na sani kaɗan ne, shi ya sa nake riƙe shi da hannu biyu. Sauƙi daban, warkewa daban. Wannan ciwo ba a warke shi da ƙwaya, ana danne shi ne, kuma ranar da ka fi jin daɗin jikinka ita ce ranar da maganin ke aikinsa. Ka sha shi ranar nan ma.

Yanzu ga wanda ya hana ni sukuni, don shi ne ka riƙe kake dukana da shi.

Wata shida da suka wuce aka duba hanjinka da tiyo mai kamara, aka gutsuro ƴan ƙananan nama kamar ƙwayar gero daga wurare da dama, aka kai gwaji. Da sakamako ya fito likitar ta kira ni, ta yi mini bayani a tsanake. Na zo gida na tarar da ku duka a tsakar gida. Inna ta ce, "To, ke mai boko, mi anka gani?"

Na ce, "Ba ciwon daji ba ne."

Inna ta rangaɗa guɗa. Babanka ya faɗi ya yi sujada a kan ƙasa. Kafin in ja numfashi an aika a sayo shinkafar masar sadaka. Maganar kuwa rabi na faɗa, akwai "amma" a bayanta. Na ɗaga kai in ƙarasa, sai na ga kana kallona ido cikin ido, abin da ba ka taɓa yi ba, ga Inna a gefe, ga matan maƙwabta sun fara shigowa barka. In tsaya a gabansu ina yi wa ɗan fari dogon bayanin hanjinsa? Sai na sunkuyar da kai, na ce a raina gobe. Gobe na ce sai an gama sadaka. Daga nan aka turo ni Bazaga. Ga shi yanzu Zali ta ce duk wanda ya yi maka maganar Yamai sai ka ce, "Ai Yaya da bakinta ta ce ba daji ba ne." Da bakina, i. Mace mai takardar jinya a jaka, ta yi abin da ta yi tana bakin turmi.

To ga ragowar, ka karanta ta sau biyu.

A wuri ɗaya cikin babban hanjinka, ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon ciki sun fara sauya kama. Likitoci suna kiran wannan displazi. Naka na ƙaramin mataki ne. Ba daji ba ne, wannan gaskiya ne. Amma kuma ba lafiyayyen nama ba ne, a kan hanyar yake. Yana iya tsayawa inda yake shekara da shekaru, yana iya ci gaba. Na tambaye ta wanne ne naka, ta ce ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani sai an sake dubawa. Da ma tsiro ne mai kai, da ta yanke shi tun ranar. Naka a shimfiɗe yake, ba shi da iyaka bayyananniya, shi ya sa ta ce a koma bayan wata shida, a duba da kyau, a sake gutsurowa. Ta ƙara da abu biyu. Na ɗaya, wanda ciwon hanjinsa ya haɗu da irin ciwon hantarka ya fi mai ciwon hanji kaɗai hatsarin wannan sauyi ya yi gaba. Na biyu, masu irin naka sau da yawa hanjinsu shiru yake yi, babu zawo, babu jini, alhali abu na tafiya a ciki. Don haka "lafiya lau nake ji" da kake ta faɗa ba hujja ba ce. Awon jini ba ya nuna shi. Hoton ciki da ake shafa mai a fata ba ya nuna shi. Sai tiyon nan da ka tsana.

Kai da ka tashi cikin albasa, ni zan koya maka wannan? In kun zuba ta a rudu, rumbun ajiyarta, don me kake shiga kana juya ta ɗaya ɗaya, kana danna wuyanta da babban yatsa? Na taɓa jin ka kana yi wa ƙanenka tsawa don ya leƙa daga ƙofa ya ce duk lafiya. Ka ce masa ɓawo ba ya faɗin gaskiya, wadda wuyanta ya fara laushi jajir take kamar sauran, in an gan ta yau a ci ta, in an bar ta sai wari ya sanar. Albasar Baffa kana mata haka. Hanjinka kuma ka leƙa daga ƙofa ka ce sai bayan damina.

Na san ba mantuwa ba ce. Zali ta gaya mini abin da ake yi maka a kasuwar albasa. Wai abokinka Sale in ya hango ka sai ya ɗaga murya, "A ba shi hanya, ga wanda anka shiga da sinima cikinai ta ƙohwar baya! Ɗan Inna, wane wasa anka nuna?" Ƴan dako su yi ta dariya, kai ma ka yi, sannan ka dawo gida ka ƙi cin tuwo. Sale sakarai ne tun yana yawo ba wando, na san shi. Amma dariyarsa ta rana ɗaya ce. In ka kwanta, leƙowa ɗaya zai yi ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan buhunansa. In ya sake, ka ce masa wasan ya yi kyau, an ce a komo da shi shi ma, kujerar gaba.

A nan ma ina da nawa. Dubawar farko ban shirya ka ba. Kunya ta sa na bar ka da babanka, na ba shi takardar bayani, shi kuma ya sa ta cikin hula. Ana gobe za a duba ka, ya kai ka ka cika ciki da tuwo da miyar kuka wai don ka sami ƙarfi. Aka shiga ba a iya ganin komai ba don cikin bai wanku ba, aka ce ku koma ku sake. Ka sha wahala biyu, ka fito kana rantsuwa ba ka ƙara yarda. Wannan karon ka ji daga gare ni. Kwanakin da suka rage kafin ranar, ka bar wake, ganye, zogale, gyaɗa da duk abu mai ƙwaya ko ɓawo. Farar shinkafa, ƙwai, romo tatacce. Ruwan wankin cikin da za su ba ka ba shi da daɗi, gishiri-gishiri ne, amma ka shanye shi duka yadda suka tsara, har abin da ke fita ya zama ruwa garau. In ka rage, ka ɓoye mata wurin da take nema. Ka tambaye su allurar da ke sa mutum gyangyaɗi, kana da ikon tambaya. Kuma ba ka tafiya kai kaɗai bayan an gama.

Akwai maganar da ka faɗa wa Zali wadda ta fi ta Sale ci mini rai. Wai ka ji ana cire hanji a maƙala wa mutum jaka a ciki, kai kuwa gara ka mutu da hanjinka. Wai gara! Wa ya ba ka zaɓin nan? Ba zan sake gaya maka rabin magana ba: i, likitar ta ambaci aiki. Ta ce in an koma aka ga sauyin ya hau mataki, ko ya bayyana a wurare da yawa, za a zauna da kai a yi shawarar cire babban hanji tun abu bai zama daji ba. Ta ce in. Ba a yanke komai ba, kuma ba za a yanke ba sai da kai. Ba kowane aiki ke ƙarewa da jaka ta har abada ba, wannan ita za ka tambaya, ni ban isa in yi maka alkawari ba. Don na san abin da zai fara zo maka a rai, na tambayi malamin unguwarmu game da alwalar mai jaka. Ya ce mai uzuri ne, sallarsa ta yi, addini bai ƙuntata wa marar lafiya ba.

Mutuwa da hanji kuwa, na gan ta. Lokacin da nake koyon aiki a Tawa aka kawo wani mai sayar da shanu, ƙaƙƙarfa, cikinsa ya toshe. Shekara da shekaru yana ganin jini yana shan maganin basir. Aka shiga da shi ɗakin aiki, aka buɗe, aka rufe. Ni na riƙa juya shi a gado. Ba irin mutuwar da kake zana wa kanka ba ce, ta namiji a tsaye da rawani. Kullum abin da yake tambayata shi ne, "Ɗiyata, da na zo bara fa?" Kai an gan ka tun kafin bara. Mutane nawa ke samun wannan?

Kada ka ɗauka ni ba na jin tsoro. Bayan kiran likitar na shiga salula ina karance-karance, duk abin da na buɗe ya fi na baya muni, har na kasa cin abinci, na fara ɗora maka ciwon mutanen da ban san su ba. Majo, shugaban asibitinmu, ya ga na rame, ya ce, "Madam Rabi, wanda ke cikin salula ba ɗanki ba ne. Rubuta tambayoyinki ki kai wa wadda ta ga cikinsa." Haka na yi, na sami barci. Kai ma in tunani ya taso maka, kada ka kai shi ga salula ko majalisar shayi. Zaman jira yana da wuya, na sani, mutum ba marar lafiya ba, ba mai lafiya ba. Abin da na gane shi ne a ba tsoron ranarsa, ranar dubawa, sauran kwanakin kuma a yi aiki, a ci abinci, a yi salla, a yi dariya. Amma wanda ya tsallake ranar, tsoron sai ya bazu masa cikin duk sauran.

Ban ce kada ka je Kumasi ba. Ka ji da kyau, don na san za ka je ka gaya wa Inna Yaya ta hana ka neman na kanka. Shekararka ashirin da huɗu, ciwo ya ci maka lakwal, ba zan so ya ci maka sana'a ba. In an duba likita ta ce ka tafi, ka tafi da albarkata. Ka ɗauki maganin da zai kai ka har dawowa, ka ajiye shi inda rana ba ta bugu, ba a saman kaya ba. Ka ɗauki hoton takardunka duka a salula. Satin da ka sauka ka nemi asibitin da ke da likitan ciki, tun kana kan ƙafafunka, ba sai an ɗauke ka ba. Ka sami mutum ɗaya a masaukinku ka gaya masa ciwonka da sunansa. In ka ji zazzaɓi da rawar sanyi, ga ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kamar shayi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ka ce masassarar sauro ce ka sayi ƙwaya ka kwanta. Hanyar matsarmama ce mai yiwuwa ta toshe ta kama ƙwayar cuta, wannan asibiti ne a ranar, ba washegari ba. Haka in jini ya dawo, ko ka ga wando na yi maka yawa ba dalili. Azumi kuma, ka tambaye ta kafin watan ya kama. Sannan duk yadda sakamako ya yi kyau, dubawar nan ta zama taka, aƙalla kowace shekara, ko yadda ta tsara. Ka saba da ita kamar yadda ka saba da ban ruwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, motar taku ta Yamai za ta bi! Za ka wuce ta cikin garin kana zaune a kan buhu. Na san abin da za ka ce: albasa ba ta jira, zafi ya shigo, in ka sauka Baffa zai ba wani wurinka, kuma ba ka iya buɗe baki ka gaya wa wan babanka maganar hanji.

To, na hutar da kai. Ranar Juma'a na hau kabu-kabu daga nan har Tsarnawa, ban biya gida ba, na wuce kai tsaye rumfarsa a kasuwa. Ni da ban taɓa zama inda yake zaune ba tun da aka kawo ni gidanku. Yana cikin masu awo, ya gan ni, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Maman Zali? Lahiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, Alhaji. Don kada a rasu na zo."

Ya kori mutane. Na durƙusa, na gaya masa duk abin da na rubuta maka a nan, da jinin, da tiyon, da displazi, ban rage ba. Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ashe masar da munka ci ta rabin labari ce."

Na ce, "Ta rabi ce, Alhaji. Laifina ne."

Ya ce, "Ke da kinka taka kunya kinka zo nan, ba ki zo da wasa ba. Wurinai na nan. Wagga mota in aika wani, shi ya biyo ta baya in likita ta sallame shi. Amma ki sani, ni ba ni ɗaure ƙato da igiya in kai shi asibiti. In ya hau, ya hau."

Na san za ka yi fushi na kai maganarka kasuwa. Ka yi. Inna ma za ta ji, za ta ce boko ya cinye mini kunya, mata za su samu abin tattaunawa a bakin rijiya. Na ɗauka. Yanzu dai ba ka da wurin da za ka rasa, ba ka da Baffan da za ka ji nauyi, ba ka da "Yaya ta ce." Saura kai kaɗai.

Majo ya ba ni hutu. Zan riga ka isa Yamai, in sauka gidan ƙanwata, in karɓo maka ruwan wankin cikin, in dafa maka farar shinkafar da kaina. Ranar dubawa kuma tun da safe ina kan bencin da ke ƙofar ɗakin. In ka zo, tare za mu shiga wurin likita, in zauna kusa da kai, duk abin da ta faɗa mu ji shi tare har ƙarshensa. In ba ka zo ba, ina nan zaune har su kira sunanka, in tashi in ce mata ɗana ne, ya wuce da albasa. Ka zaɓi wanda kake so in yi.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa abin da za a gani ya zo da sauƙi, ya ba mu ƙarfin ɗaukar wanda bai zo da sauƙi ba. Allah ya kiyaye ka a kan kwalta da cikin daji, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa, ya sa albarka a cinikinka, ya maido mana kai da ƙafafunka. Ka gaida Inna da kyau, ka ce ina neman afuwa tun kafin ta ji. Ka gaida babanka.

Wassalam.

Uwarka,
Rabi